Mita Ɗaya da Rabi

Gilashin nan ya girme ni.
Babana ya saye shi hannun wani direban jirgin ƙasa
kafin ya san za a haife ni,
ya naɗe shi cikin safar ulu,
ya mutu ya bar min shi tare da bashin mai gyaran rufi.

Ƙarfe ne da gilashi, ba shi da wayo.
Ba ya farautar fuska da kansa
irin na yanzu, masu cafkewa kafin ka yi niyya.
Sai ka murɗa zoben sannu-sannu,
kamar murfin zumar da sanyin Kutaisi ya daskarar,
har abin da ke dishi-dishi ya taso ya tsaya tar.

To, yaro ba ya tsayawa.

Na ce, Tsira, zo gindin rumman.
Ta zo. Ta ba ni ƙiftawa biyu.
Kafin in kai zoben kan girarta
ta bi kyanwar maƙwabta ta ƙarƙashin shanya.
Na ɗauka ƙanenta Bondo zai fi sauƙi,
sai ga hancinsa a bakin gilashin,
ya hura masa huci,
ya bar min tambarin yatsa mai maiƙon cuku.

Fim ɗaya gare ni, talatin da shida.
Idona na dama ya fara yana.
Jibi uwarsu za ta tafi da su Atina,
inda take juya wata tsohuwa a gado
wadda har yau ba ta riƙe sunanta ba.
Ba ni da sauran lokacin zama gwana.

Sai maganar Baba ta faɗo min:
in tsuntsu ya fi ki sauri, nemi reshen da yake sauka.
Na ja layin alli a daɓen tsakar gida,
na auna da awon ɗinki, mita ɗaya da rabi,
na kafa zoben kan lambar da fentinta ya koɗe.
Na durƙusa, gwiwa tana ƙara.
Na daina bin su.

Suka yi tsere. Suka yi faɗa kan murfin kwalba.
Suka shirya ba wanda ya ba da haƙuri.
Duk ƙafar da ta taka allin, in danna.
Ƙas.
Sau da yawa na makara.
Sau biyu zuciyata ta riga yatsana.

Ran da motar ta wuce gadar Riyoni
ban tsaya ɗaga hannu ba.
Na toshe tagar banɗaki da bargo,
na kunna jar fitila,
na jira su fito daga cikin ruwa ɗaya-ɗaya.

Ga kunnen Bondo, fes, har gashin bayansa,
sauran fuskar ta fice daga takarda.
Ga takalmi a iska, ba mai shi.
Ga rumman, kowane tsagi na ɓawonsa a fili,
gabansa kuwa wani shafi-shafin riga,
Tsira ke nan, ta riga motar tafiya.

Na ashirin da tara ne kaɗai ya yi biyayya.
Ta waiwaya, ba ni take kallo ba,
wani ne ya kira ta daga baranda.
Idon hagu ya fito ras.
Na sa tabarau, na ƙara da madubin karatu,
na hango tsakar gidan duka a cikin ƙwayar,
da igiyar shanya, da inabin bakin ƙofa,
da wata 'yar tsohuwa a durƙushe,
baƙin akwati ya rufe mata fuska.

Shi na aika musu.
Masu dishi-dishin na riƙe, sun fi kama da su.

Ruwan daren Laraba ya wanke allin.
Zoben yana nan inda na bar shi,
ko ƙura nake gogewa, ba na taɓa wajen.